Katangar da ke riƙe da ƙasar bayan gidana ta fara yin ciki, ruwan indararo nake zargi

Abu Hanif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin gini a cikinmu. Gidana a kan gangare yake, da za a gina shi sai da aka yi ciko a baya, aka ja katangar bulo ta tare ƙasar. Tsayinta mita 1.8 in an auna daga ɓangaren maƙwabcina na ƙasa, tsawonta wajen mita 14. Tsakanin bangon gida da katangar bai fi mita biyu da rabi ba. Rufin kwano ne mai fuska biyu, rabin ruwansa baya yake gangarowa, indararo biyu ke sauke shi a wannan ɗan lungun.

Bana na ga katangar ta yi ciki a tsakiya. In ka tsaya a ƙarshenta ka rufe ido ɗaya za ka ga ta fita daga layi. Akwai tsaga da ta bi simintin da ke tsakanin bulo tana hawa mataki-mataki, ƙasar da ke jikinta ta ɓangarena kuma ta lotsa har ruwa na kwanciya a wurin. Birkilan da ya duba ya ce a yi ginshiƙai uku a tokare ta ta waje. Kafin in sa kuɗi nake so in ji ko wannan ne maganin.

Baba Magini

Wa alaikumus salam. Ɗana, amsa mini biyu tukuna. Bulon an cika shi da kankare da rodi, ko fanko ne? Sannan an bar mata ramukan fitar ruwa a ƙasa?

Abu Hanif

Baba, bulo mai inci tara ne, layuka uku na ƙasa aka cika, rodi kuwa a ginshiƙai kawai. Ramuka an bari. Amma da maƙwabcina ya yi filastar ɓangarensa sai ya toshe su, ya ce ruwan laka suke zubo masa a tsakar gida.

Baba Magini

To ai ka faɗi ciwon da bakinka. A fasa ramukan nan gobe da safe, a ƙara wasu. Katangar da ke tare ƙasa in ba ta fitar da ruwa ba, ruwan ne zai fitar da ita.

Injiniya Bilki

Baba ya yi gaskiya a kan ramukan, amma ni daga sama zan fara, ba daga ƙasa ba. Malam Abu Hanif, nawa ne faɗi da tsawon rufin?

Abu Hanif

Mita 12 da mita 15, Injiniya.

Injiniya Bilki

Yawwa. Murabba'in mita 180 ke nan, rabinsa 90 yana zuba a baya. Ƙa'idar lissafin ba ta da wuya: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, wanda yana iya sauka a dare ɗaya, wannan rabin rufin ya tara lita 4,500. Duro mai lita 200 sama da ashirin da biyu. Duk wannan kana juye shi a wuri biyu kacal, a kan ƙasar ciko, taku uku daga katangar.

Shi lungun kansa, mita biyu da rabi sau 14, murabba'in mita 35 ne. Ruwan da ke sauka a kansa kai tsaye daga sama lita 1,750 ne a wannan daren. Ka ga rufin ya ƙara masa kusan ninki biyu da rabi a kan rabonsa.

Yanzu ga abin da ruwan ke yi in ya shiga. Busasshiyar ƙasa mai yashi tana da nauyin wajen kilo 1,800 a kowane kubik mita, amma ba da dukan nauyinta take tura katanga ba, saboda ƙwayoyinta suna riƙe juna. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke komawa turi ta gefe. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Coulomb ya yi wannan lissafin tun 1776, wani injiniyan Scotland mai suna Rankine ya sake fito da shi ta wata hanya a 1857, har yau da su ake aiki. Ruwa kuwa ba ya riƙe kansa. Yadda yake danna ƙasa haka yake danna gefe, ɗari bisa ɗari. A katangarka mai mita 1.8, busasshiyar ƙasa tana tura kowace mita ɗaya ta tsawonta da ƙarfin kusan tan ɗaya. In ƙasar ta ƙoshi da ruwa har sama, turin ya haura tan biyu. Katangar ba ta canza ba, kayan da aka ɗora mata ne suka ninka.

Saboda haka ginshiƙan birkila ba su ne farko ba. Farko a raba ruwan rufi da wannan ƙasar gaba ɗaya.

Kawu Sale

Injiniya, da girmamawa, ku matsalarku lissafi. Ni na ga katangu da yawa da babu rami ko ɗaya a jikinsu, ruwan indararo na zuba a gindinsu, suna nan tsaye ƙyam. Siminti ne aka yi wa rowa a tasa, shi ke nan.

Injiniya Bilki

Kawu, ban musa maka ba, akwai su. Amma ka tambayi tsayinsu da irin ƙasar da ke bayansu. Turin yana ƙaruwa ne da murabba'in tsayi: katanga mai mita biyu tana ɗaukar ninki huɗu na mai mita ɗaya, ƙarfin da ke son kifar da ita kuma ninki takwas. Mai tsayin gwiwa za ta jure kusan komai. Kuma in bayanta yashi ne da tsakuwa, ruwa yana wucewa ƙasa abinsa. In laka ce, sai ya tsaya, ita lakar ma ta kumbura ta ƙara nata turin, da rani ta tsuke ta dare, tsagar ta zama hanyar ruwan damina mai zuwa.

Kawu Sale

To na ji. Amma rowar siminti ma tana nan.

Ɗan Famfo

Aikina ne wannan, bari in sa baki. Mafi sauƙi Alhaji: a haƙa bayan katangar, a kwantar da fayif mai huji-huji inci huɗu a gindi, a rufe da tsakuwa. Sai a sauko da indararon nan biyu a jona su da shi da gwiwa. Fayif ɗaya ya kwashe duka, na sama da na ƙasa, ya fitar ta gefe. An yi sau ɗaya an huta.

Injiniya Bilki

A'a Malam, nan ne fa ba zan bari ya wuce ba, domin wannan kuskuren ya fi kowane yawa, kuma masu kyakkyawar niyya ne ke yin sa.

Fayif mai huji ba ya zaɓen inda ruwa zai bi. Huji ƙofa ce, ana shiga ana fita. An yi shi ne don ya tsinci ruwan da ya tsattsafo cikin ƙasa a hankali, ɗigo-ɗigo. In ka jona masa indararo, a lokacin da ruwa ke sauka milimita 100 a awa, rufin nan mai murabba'in mita 90 yana aiko da lita biyu da rabi a kowace daƙiƙa. Fayif ɗin zai cika, ruwan ya fita ta hujin ya shiga tsakuwar. Wato ka ɗauko ruwan rufi ka kai shi da hannunka gindin katanga, daidai inda turi ya fi ƙarfi. Ɗiban ruwa ne da kwando. Ga ganye da ƙura da yashin da ke kan kwano, duk ciki za su taru, ranar da ya toshe kuma yana ƙarƙashin ƙasa mita biyu, babu mai gani.

Ruwa iri biyu ne, kowanne da hanyarsa. Na rufi ya bi fayif marar huji, a manne mahaɗarsa da gam, ya tafi har inda za a zubar ba tare da ya taɓa ƙasar ciko ba. Na cikin ƙasa ya bi mai huji. In dole sai sun haɗu, to su haɗu can nesa, a wurin da ya fi gindin katangar ƙasa, yadda na rufi ba zai iya komowa baya ba.

Ɗan Famfo

Hajiya Injiniya, fayif inci huɗu fa ba wasa ba ne. Lita biyu da rabi ba za ta cika shi ba.

Injiniya Bilki

In sabo ne, santsi, an ba shi gangaren santimita ɗaya a kowace mita, zai ɗauki sama da lita biyar a daƙiƙa, ka yi gaskiya. Amma ko bai cika ba hujinsa a ƙasa suke, ruwan da ke gudu a cikinsa a kansu yake bi. Kuma bayan damina biyu ba sabo ba ne.

Ɗan Famfo

Ni kam hujin sama nake juyawa. In suna ƙasa ai ruwan zubewa zai yi.

Baba Magini

Kai yaro, ruwan bayan katanga ba daga sama yake faɗa wa fayif ba. Taruwa yake a gindi yana tasowa. In hujin na sama, sai ya tashi kaurin fayif ɗin kafin ya samu ƙofa. In suna ƙasa ta gefe da gefe, da ya ɗan taru ya shige. Ƙasa ake juya su. Wannan kam ni da Injiniya bakinmu ɗaya.

Ɗan Famfo

Allah ya ba ka haƙuri Baba, na karɓa. Amma a kan fayif biyu har yanzu ina ganin wahala ce a ɗan lungun mita biyu da rabi.

Ummu Sadik

Ku yi haƙuri in shigo da tambayar wadda ba ta san gini ba. Me zai hana a yi daɓen siminti a lungun gaba ɗaya? In ruwa bai ga ƙasa ba ta ina zai shiga?

Baba Magini

'Yata, daɓe yana taimako, amma yana da sharaɗi. In an yi shi a kan cikon da bai gama zama ba, ƙasar za ta lotsa a ƙarƙashinsa ya dare. Kuma wurin da ya fi darewa shi ne inda ya haɗu da katanga, domin in katangar ta motsa ko da rabin yatsa ne sai layi ya buɗe a nan. Na sha ɗaga irin wannan daɓen. Sama lafiya lau, kana buga guduma ka ji yana amsawa fanko, ka fasa ka tarar da rami a ƙasa wanda hannu ke shiga har gwiwar hannu, ruwa ya kwashe ƙasar ta tsagar nan guda ɗaya. Dukan ruwan lungun ya koma bin layi ɗaya a jikin katanga, ya fi babu daɓen muni.

In za a yi, a ba shi gangare ya kauce wa katanga ya kauce wa bangon gida, a yi ɗan lambatu a tsakiya ya bi tsawon lungun ya fita ta gefe. Mahaɗarsa da katanga kuma a cike ta da abin da ke miƙewa, kwalta ko irin gam ɗin nan na roba, ba siminti ba.

Ummu Sadik

Na gode Baba. Namu daɓen ya dare a daidai wurin da ka faɗa, ashe ba ƙaramin abu ba ne.

Abu Hanif

Ina bin ku duka. Amma ga inda na maƙale. In na buɗe ramukan, maƙwabcina zai ce na sake sakar masa laka. Mutumin kirki ne, ba na son mu ɓata.

Injiniya Bilki

Ƙorafinsa yana da tushe, kuma shaida ce a gare mu. Ramin da ke aiki daidai ruwa garau yake fitarwa, kaɗan-kaɗan, yana tsiyaya bayan an ɗauke ruwan sama. In laka yake fitarwa, ƙasarka ce ke gudu ta ramin, shi ya sa ɓangarenka ya lotsa. Ma'ana babu matata a bayansa. In kuma da ƙarfi yake feso ruwa ana tsakiyar ruwan sama, to ruwan indararonka ne ya samu hanya kai tsaye.

Ka cire ruwan rufi daga lissafin, ka sa matata, abin da zai fito ta ramukan ba zai wuce ya jiƙa gindin katanga ba. Wannan ma ana iya yi masa ɗan siririn lambatu a ɓangarensa ya kwashe.

Sannan ka kai shi ya tsaya a ƙarshen katangar ya kalli cikin da ta yi. In ta faɗi, ba gidanka za ta faɗa ba.

Kawu Sale

Wannan jimlar ta ƙarshe ita kaɗai ta isa ta sa ya ɗauko guduma da kansa.

Malam Nuhu

Ni ina ɓangaren maƙwabcin, domin ni ma a ƙasan wani nake. Ku masu tudu kuna magana kamar na ƙasa dole ne ya karɓi ruwanku. Ruwan da Allah ya saukar a fili ya gangaro da kansa, wannan babu yadda za a yi. Amma ka tara ruwan rufinka a fayif ka saita bakinsa gidana, wannan zalunci ne. Sannan ramukan nan ɓeraye da macizai na shiga, ba ƙarya ba ne.

Baba Magini

Malam Nuhu, ba wanda ya ce a saita masa fayif. Ruwan rufi magudanar titi za a kai shi, ko inda hukumar wurin ta yarda a zubar. Maganar maciji kuwa, raga ake sa wa bakin ramin, ta roba ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ba a toshe hancin mutum don ƙuda na shiga.

Malam Nuhu

In titi yana sama da gidan fa? Shi fa Abu Hanif bayan gidansa ne ke gangare. Ruwa ba ya hawa tudu.

Abu Hanif

Wallahi ka taɓo inda ke damuna. Titi yana gaba, kuma ya ɗan fi tsakar gidan tudu.

Ɗan Famfo

Wannan mai sauƙi ne, kuma a nan nake da baki. Ruwan rufi ai a sama yake farawa, mita uku ko fiye daga ƙasa. Kada ka bari ya sauko a baya. A sa magudanar rufi a bakin kwanon baya, a ba ta ɗan gangare zuwa kusurwar da ta fi kusa da gaba, a ɗauke ruwan da fayif a jikin bangon gefe tun yana sama, yana sauka a hankali har gaban gida. Tsayin da ka rasa a ƙasa kana da shi a bango. Sai dai a sa maƙalai kusa-kusa, fayif cike da ruwa yana da nauyi, in ya lanƙwashe a tsakiya datti zai kwanta a nan. A bar wurin buɗewa a kowace gwiwa don sharewa.

Injiniya Bilki

Wannan shawarar ta yi, Malam. Kuma ka ga ta warware maka damuwar fayif biyu a lungu ɗaya.

Ɗan Famfo

Alhamdu lillahi, yau Injiniya ta sa mini hannu.

Maman Zara

Ni mamaki nake ana ta neman inda za a zubar da ruwa lita dubu huɗu. Ku sa tanki mana! Ruwan wanki da ban ruwan shuka ya samu, katanga ta huta.

Injiniya Bilki

Tanki abu ne mai kyau Hajiya, amma ba ya maye gurbin magudana. Mai lita 2,000 zai cika da ruwan milimita 22 kacal daga wannan rabin rufin. Kuma a tsakiyar damina, lokacin da ake ruwa a jere, cike yake tun jiya. Duk abin da ya biyo baya ta bakin ambaliyarsa zai fita. In wannan bakin a lungun yake zuba, an koma gidan jiya. Dole a yi masa fayif mai faɗin wanda ke shigo da ruwan, a kai shi waje.

Abu na biyu, inda za a ajiye shi. Lita 2,000 tan biyu ne. In ka girke shi a kan ciko kusa da katangar da ta riga ta yi ciki, ka ƙara mata kaya. Duk wani nauyi da tazararsa da katanga ba ta kai tsayinta ba, tanki ne, mota ce, tarin bulo ne, yana shiga cikin turin. A gefen gida ko gaba za a sa shi.

Maman Zara

To a gefe ɗin. Ni dai kada a zubar duka.

Malam Nuhu

Ramin tsotse ruwa fa? A haƙa a cika da duwatsu, ƙasa ta shanye.

Baba Magini

Ba a wannan lungun ba. Ramin da aikinsa shi ne shayar da ƙasa ruwa, ka haƙa shi a cikin ƙasar da kake so ta bushe?

Injiniya Bilki

Ƙa'idar gini ta Ingila ma cewa ta yi kada irin wannan ramin ya kusanci gini ƙasa da mita 5, lungun nan kuwa duka-duka biyu da rabi ne. In akwai fili a gaba ana iya yi, amma a gwada ƙasar tukuna: a haƙa ɗan rami a cika da ruwa a ga ko yana janyewa. In washegari yana nan, laka ce, ramin zai zama rijiya kawai.

Abu Hanif

To yanzu ita katangar kanta fa? In na kawar da ruwan rufi, cikin da ta yi zai koma?

Baba Magini

Ba zai koma ba, ɗana. Ƙasa ta riga ta bi ta cike gurbin. Abin da ake fata shi ne ta tsaya inda take.

Ga abin da za ka yi da hannunka. Ka buga ƙusa a saman katangar a inda ta fi yin ciki, ka rataya zare da ɗan dutse ta ɓangaren maƙwabci, ka auna tazarar zaren da gindin katanga, ka rubuta. Ita tsagar kuma ka shafa mata ɗan siminti siriri a wuri biyu ko uku, faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake darewa, tana tafiya. Kada ka cike tsagar duka ka yi fenti, rufe ido ne kawai.

Kuma yara su daina wasa a gindinta ta can ɓangaren har a gama.

Injiniya Bilki

Zan ƙara a kan na Baba, kuma a nan ba zan yi sassauci ba. Bulo inci tara wanda ba a cika ba, babu rodi sai a ginshiƙai, katangar shinge ce aka sa ta aikin tare ƙasa. A dokokin gini na wurare da dama, ciki har da Amurka, katangar tare ƙasa da ta haura ƙafa huɗu, wato wajen mita 1.2, sai da izini da zanen injiniya. Taka 1.8 ce, ga gida a samanta mita biyu da rabi. Ta riga ta tsage kuma ta yi ciki. Sai wani ya zo ya gan ta da ido, ya duba fandishonta, ya duba ko bangon gidan ma ya fara nuna alama. Daga hoto da bayani babu mai iya ce maka ta tsira.

Baba Magini

Ni ina ganin za ta gyaru ba sai an rushe ba. A haƙa bayanta, a zuba tsakuwa faɗin ƙafa ɗaya tun daga gindi, fayif mai huji a ƙasa, kyallen matata tsakanin tsakuwa da ƙasa, a rufe saman da laka mai kauri a daddaɓe don kada ruwan sama ya bi tsakuwar ya sauka. Ramuka kowace mita ɗaya da rabi, ɗan sama da ƙasan maƙwabci. Sannan ginshiƙan birkila su biyo baya. Amma gaɓa-gaɓa ake haƙawa, mita biyu a gama a rufe a matsa gaba, kuma ba a tsakiyar damina ba. Kusa da fandishon gida ne.

Injiniya Bilki

Tsarin magudanar da Baba ya zayyana daidai ne, haka zan zana shi. Inda muka rabu shi ne ginshiƙan. Ginshiƙi yana riƙe inda ya tokare ne, bulon fanko da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi shi ne zai ci gaba da yin ciki. Kuma a filin maƙwabci za su tsaya, suna buƙatar nasu fandishon. In an riga an haƙe bayanta har gindi, rabin wahalar sake ta an yi.

Baba Magini

Injiniya, ke kina zana sabuwa a takarda, ni ina duba aljihun mai gida. Na tokare irinta ta zauna.

Injiniya Bilki

Na yarda Baba, kuma na san ka fi ni ganin katangu. Amma wadda ka tokare ta zauna, ka cire mata ruwa ne tukuna ko kuwa?

Baba Magini

Na cire mana. Wa zai tokare katanga ruwa na bayanta?

Kawu Sale

To ashe duk faɗan nan a kan rabi na biyu ne.

Ummu Sadik

Tambaya a kan kyallen matatar nan. Wani ya ce mini toshewa yake yi da laka, bayan 'yan shekaru ya zama kamar leda, ruwa ba ya wucewa. Gaskiya ne?

Injiniya Bilki

Yana faruwa, musamman a ƙasa mai laushi sosai, ko in an sa wanda ba na aikin ba. Marar saƙa ake so, mai kama da bargo, wanda aka yi don tace ruwa. Kuma a shimfiɗa shi tsakanin ƙasa da tsakuwa inda yake da faɗi, ya fi a naɗe fayif ɗin kaɗai da shi, domin ɗan wurin nan in ya toshe komai ya tsaya. Kafin a ƙirƙiro kyallen, yashi mai kaushi ake jerawa tsakanin ƙasa da tsakuwa, har yanzu kuma yana aiki. Abin da ba ya aiki shi ne leda ko buhun siminti, na ga an sa su da sunan matata. Tsakuwar kuma wankakkiya, ba mai garin dutse ba.

Ɗan Famfo

Buhun siminti kam na sha tono shi.

Malam Nuhu

Har yanzu ba a amsa mini abu ɗaya ba. Shi fayif mai hujin da ke gindin katanga, ya fi titi ƙasa nesa ba kusa ba. Ɗan Famfo ya ɗauke na rufi ta sama, madalla. Shi wannan ina bakinsa zai fita in ba gidan na ƙasa ba?

Injiniya Bilki

Tambayar a wurinta take, kuma ba ta da amsar da za ta yi wa kowa daɗi. Ko dai ya bi ƙarshen katangar ya fita wata magudana da ta fi shi ƙasa in akwai, ko a yi yarjejeniya da maƙwabci fayif ya ratsa ta gefen filinsa a binne har magudanar da ke gabansa, ko a tara a rami mai murfi a sa famfon lantarki ya ɗaga shi. Na ukun ba na son sa, domin lokacin da aka fi buƙatarsa, ana ruwa da iska, shi ne lokacin da wuta ta fi ɗaukewa. Na biyun ya fi, kuma a rubuta shi a takarda, gidaje suna canza hannu.

Malam Nuhu

In ni ne maƙwabcin, zan yarda da fayif a binne. Amma wa zai riƙa share shi in ya toshe a cikin filina?

Baba Magini

Mai ruwan. A sa wannan ma a takardar, a bar murfin dubawa a kan iyaka ta ɓangarensa.

Abu Hanif

Malam Ɗan Famfo, magudanar rufin nan da ka ce, tsawon mita 15 ne bakin kwanon. Mafita ɗaya a kusurwa za ta isa, ko sai an yi biyu a zagayo da fayif ta gefe biyu na gidan?

Ɗan Famfo

Biyu Alhaji, in gefen biyu duk suna da hanya. Ka ɗaga tsakiyar ta gangara hagu da dama, kowace kusurwa ta ɗauki rabi. Mita 15 a mafita ɗaya, ranar ruwa mai ƙarfi ta baki za ta yi ambaliya, kuma a lungun nan zai sauka. Turo mini hoton gefen gidan ta inda tagogi suke in ga ta inda fayif zai bi.